Mun Je Ɗauko Baba Nebi Daga Gindin Dutsen Kagoro

Ana sallame sallar asuba muka bar Kaduna, gari bai gama wayewa ba, ga yayyafi yana sauka. Mu uku ne a motar: ni, da ƙanena wanda ke tuƙi, da wata yayata. Na ce yayata duk da ba uwa ɗaya muke ba, ba kuma addini ɗaya ba. A Kafanchan muka tashi gida na jikin gida, kusa da unguwar ma'aikatan reluwe, kuma ita ta goya ni. Yanzu ma'aikaciyar jinya ce a Kaduna. Mahaifinta muka tafi ɗaukowa.

Masu bibiyata 'yan Kafanchan za su iya tuna shi. Baba Nebi ake ce masa, saboda tsohon sojan ruwa ne, waɗanda ake kira nebi da Turanci. Ɗan gindin dutse ne, bai taɓa ganin ruwan da ya wuce rafin garinsu ba sai da ya shiga soja jim kaɗan bayan samun 'yancin kai. Da ya yi ritaya ya zauna a Kafanchan, suka yi aminci da mahaifina mai sayar da hatsi a kasuwa. Da tsufa ya kama shi ya koma ƙauyensu a bayan Kagoro. Yanzu yanar ido ta rufe masa gani, likita ya ce a kawo shi a yi masa aiki. Ban da haka, an yi kwanaki ana raɗe-raɗin an ga 'yan bindiga a dajin bayan dutsen, har wasu ƙauyuka sun fara watsewa. Yaya ta yi ta roƙonsa a waya ya ƙi. Shi ne ta ce mini, "Kai yana jin kunyarka saboda mahaifinku Baba Alhaji. Ka zo mu je tare."

Har muka wuce Kujama ana ɗan taɓa hira. Daga nan ne kowa ya zuba wa hanya ido. A wani shingen sojoji muka tarar da motoci sun yi layi, ba don an tsare su ba, direbobi ne suka ga gara a taru a shiga dajin a ayari. Muka bi sahu. Damina ta yi kyau, ciyawa ta fi mutum tsawo har bakin kwalta, abin da da can zan tsaya in ɗauki hotonsa. Ranar kuwa idona na kan duk inda ta motsa. Hanyar wani wuri sumul, wani wuri ramuka, kuma ramukan ne abin tsoro, don dole ka rage gudu. A wata kwana muka ga wata ƙaramar mota a gefen titi, ƙofofinta a buɗe, babu kowa. Babu wanda ya tsaya. Ƙanena ya danna mai, Yaya ta sunkuyar da kai tana addu'a da yarensu, ni ma ina tawa a zuci. Har yau ban sani ba ko lalacewa kawai ta yi.

A Kachia muka sami numfashi. Muka sayi gasasshiyar masara da dafaffiyar gyaɗa. Kuɗin da a bara zai cika maka leda, bana rabi ya ba mu, mai gyaɗar kuma ta rantse ita ma a hakan asara take yi. Ƙanena ya ce in dai asara ce a bar masa ya ɗauke mata ita gaba ɗaya, ta yi dariya ta ƙara masa gyara. Garin duk ƙamshin citta, amma 'yan kasuwa na kukan cewa tun da wata cuta ta shiga gonakin cittar abin bai koma daidai ba.

Muka wuce Zonkwa, muka isa mararrabar Samaru Kataf. Nan na sauka sayen ruwa. Matar da ta miƙo mini ta dubi kaftanina da hulata, ta tambayi inda za mu. Da na faɗa mata sai ta ce da irin Hausar yankin, "Alhaji, ba don komai ba, wannan hula ka cire shi ka sa a aljihu. Yaran can ba su yi barci ba kwana-kwanan nan." Na yi mata godiya. Na koma mota na zauna da hular a kaina na ɗan lokaci, ina jin haushin da ban san wa zan ɗora wa ba. Kafin mu kai Kagoro dai na cire.

Dutsen Kagoro a damina abin kallo ne, kore shar, gajimare ya sauka har wuyansa. Muka bar kwalta muka shiga hanyar jar ƙasa mai santsi. Gonakin masara da acca da citta hagu da dama, amma mutane ƙalilan ne a cikinsu. Muna dosar ƙauyen muka tarar da gungumen icce a tsakiyar hanya. Samari suka fito daga cikin masara, wasu da adduna, wasu da bindigogin toka.

"Ku sauko! Kowa ya sauko!"

Cire hular bai amfane ni da komai ba. Ɗaya daga cikinsu ya tsaya a gabana, idanunsa jawur, yana tambayar wanda ya aiko ni. Wani ya ce hanyoyin gari muka zo gani. Yaya ta fito tana faɗa da yarensu, ban ji me take cewa ba, amma na ji sunan Baba sau da yawa. Bakin bindigar wanda ke gabana kuwa yana kallon cikina. Can wani dogon saurayi ya taho da gudu, ya ce a sauke makamai. Bulus ke nan, ɗan wan Yaya, jikan Baba, shi ne shugaban samarin. Ya gaishe ta, ya dube ni ya ce, "Kawu, ka yi haƙuri. Haka muke yanzu." Suka janye iccen.

Ba mu sami Baba a gida ba. Yana farfajiyar majami'a, a ƙarƙashin mangwaro, dattawa da fasto da wasu mata sun kewaye shi. Ya rame ƙwarai, amma zamansa a kujera cak, kamar wanda ake jiran ya karɓi fareti. Na durƙusa na gaishe shi. Ya shafa fuskata da hannu, ya ce, "Muryar ubanka ce sak. Zauna, ɗana. Na san abin da ya kawo ku, za mu yi maganar bayan an tashi."

A gabansa an share ƙasa, an zana ƙauyen da tsinke. Ga rafi, ga dutse, ga hanyar mota, ga ƙananan hanyoyin da ke shigowa daga daji. Duk inda samari ke tsaro an ajiye tsakuwa. Tun da ba ya gani sosai, da sandarsa yake lalubarsu. Tsakuwoyin kuwa a warwatse suke, kowace ita kaɗai a bakin wata hanya. Shawarar Bulus ce, wai kada a bar kafa ko ɗaya a buɗe, musamman mashigar rafi, inda gonakin citta suke.

Baba ya ce bai yarda ba. Ya ce, "Lokacin da Turawa suka tafi, ƙasa mai faɗi suka bar mana da soja kaɗan. Ni ƙaramin ma'aikaci ne a ofishin da ake tsara inda za a ajiye su, aikina in riƙe taswira in soka allura inda manya suka nuna. Ga gaɓar teku tun daga gefen Legas har Kalaba, duk bakin rafuffuka, ko'ina kwalekwale zai iya shigowa. Jiragenmu 'yan ƙwarori. Ga iyakar arewa, sai ka yini kana tafiya ba ka san a wace ƙasa kake ba. Wasu suka ce a sa soja a kowace kafa. Muka gwada a kan takarda, allurai suka ƙare ba mu kai rabi ba. Daga ƙarshe abin da aka tsaya a kai shi ne, a bakin iyaka ido ake sawa, ƙarfi kuma a tara shi wuri ɗaya inda zai iya zuwa ko'ina da sauri. Kuma dole ka zaɓi abin da za ka iya rasawa."

Ya miƙa sandar ya share tsakuwar bakin rafi. "Gonakin tsallake a bar su."

Wurin ya ɗauki guna-guni. Bulus ya miƙe tsaye. "Kaka, cittar nan ita ce kuɗin makarantar yaranmu. Taka gonar ma a can take."

"Na sani. Ita na fara sharewa."

"Ku kuna da gwamnati a bayanku, kuna da jirgi. Mu me muke da shi?"

"Kuna da dutse, kuna da waya, kuna da ƙararrawar majami'a. Ga sojoji a mararraba, ku sa mutum ɗaya wanda aikinsa kawai kiransu. Ba yaƙi za ku yi ba, Bulus. Lokaci za ku saya wa mata da yara su fita."

Sai ya laluba can ƙarshen zanen, wajen kasuwa, inda babu ko tsakuwa ɗaya. Ya tambaya me ya sa. Nan ne unguwar Musulmin garin, 'yan gidaje ne na masu awon hatsi da citta, waɗanda kakanninsu suka zauna tun kafin a haifi mafi yawan mutanen da ke wurin. Can wani dattijo ya ce, "Ba mu san da wa suke magana a waya ba." Ya faɗa yana satar kallona. Na sunkuyar da kai.

Baba ya buɗe baki zai yi magana ke nan muka ji ƙarar bindiga daga wajen rafi. Sau ɗaya tak.

Kafin ka ce me, wurin ya watse. Mata na ihu suna kiran sunayen 'ya'yansu, samari duka suka kwasa a guje zuwa rafi, har waɗanda ke bakin hanyar mota. Wani ya hau buga ƙararrawa ba tsayawa. Ni da ƙanena muka tsaya jikin mota mun rasa inda za mu nufa. Gaskiya na ce masa ya tayar da ita ya juya kanta. Yaya ta riƙe hannun Baba tana cewa ya tashi mu tafi yanzu-yanzu, shi kuwa ya kasa kunne yana jiran ƙara ta biyu. Ba ta zo ba.

Abin da ya zo shi ne mutum a hannun samari, jini ya jiƙa masa wando har ƙasa. Ba ɗan bindiga ba ne. Malam Ɗanjuma ne, mai awon citta daga unguwar kasuwa. Ya je duba gonarsa a tsallake, yana dawowa ta cikin masara, saurayin da aka ajiye shi kaɗai a mashigar ya ga ganye na motsi ya saki wuta. Ga saurayin nan a bayansu, ba bindigar a hannunsa, yana ta maimaita cewa ya yi magana ba a amsa ba.

Kowa a wurin ya san abin da wannan ke nufi. In Malam Ɗanjuma ya mutu, kafin la'asar labarin zai kai Kafanchan a wata siffa daban, daga nan kuma babu mai iya riƙe shi.

Yaya ta cire ɗankwalinta ta ɗaure masa cinya tamau, ta ce a sa shi a mota. Tamu ce kaɗai a garin. Bulus ya shiga baya ya ɗora kan mutumin a cinyarsa. Muna shirin tashi na ji Baba yana cewa a kawo masa yaron da ya yi harbin. Ya kama damtsensa ya miƙe. "Kai ne idona yau. Ka kai ni gidan liman, kafin wani ya riga mu."

Ban taɓa ganin ƙanena ya yi tuƙi irin na ranar ba. Motar na zamewa a taɓo, Yaya na danne raunin da hannu biyu tana cewa, "Malam, ka yi mini magana, 'ya'yanka nawa?" Shi kuma yana ta kalmar shahada a hankali, ina taya shi daga gaba. A mararraba sojoji suka tare mu. Da suka leƙa suka ga jini, nan take suka ɗaga bindigogi suka ce kowa ya fito da hannunsa. Bulus ne ya yi bayani, bai ɓoye komai ba, har sunan ƙauyen da abin da ya faru. Babbansu ya dube shi, ya dubi mai raunin, ya sa soja ɗaya ya matsa kusa da ni a gaba, ya ce mu wuce.

A wani asibiti a Kafanchan aka karɓe shi. Aka ce yana buƙatar jini. Bulus ya miƙa hannu, nasa bai dace ba, nawa ma haka. Na ƙanena ne ya yi daidai, mutumin da tun yana yaro in ya ga allura sai an danne shi. Ya kwanta ya rufe ido yana salati kamar shi aka harba. Wajen la'asar likita ya fito ya ce an ciro abin da za a iya cirowa, ran dai yana nan, ƙafar ce ba za a sani ba tukuna. Bulus ya zauna a kan dakali ya rufe fuska da rigarsa mai jini, ya daɗe a haka.

A gidan wani ɗan'uwanmu muka kwana. Da safe na ɗan zaga garin da aka haife ni. Tashar jirgin ƙasa na nan, ciyawa ta cinye wasu layukan. Wata tsohuwa Inyamura mai shagon magani, wadda mijinta ya yi aikin reluwe, ta gane ni da kamannin mahaifina, ta ƙi karɓar kuɗin maganin ƙarin jinin da na saya wa ƙanena. Ta riga ta ji labarin, kuma yadda ta ji shi daidai ne: kuskure ne, mutumin yana raye. Wannan ya kwantar mini da hankali fiye da komai.

Da hantsi muka koma ƙauyen. An sake taruwa a gindin mangwaron, amma yau da liman da mutanen unguwar kasuwa, suna zaune gefe ɗaya fuska ba walwala. Fasto ya ba ni labarin jiya. Baba ya isa gidan liman da ƙafa, ya tsaya a ƙofa ya faɗi abin da ya faru da bakinsa, ga yaron a gefensa. Wasu matasan unguwar sun so su taɓa shi, liman ya shigar da shi zaurensa ya zauna a bakin ƙofa har sojoji suka zo suka tafi da shi. Uwar yaron tana nan a wurin taron, tun da muka zo kuka take yi, kuma ba ta ko kallon inda Baba yake.

Ƙanen Malam Ɗanjuma ya yi magana da zafi. Ya ce shekara da shekaru suna biki tare suna jana'iza tare, amma da aka zo maganar tsaro aka zana gari aka bar su a waje, har ba a gaya musu akwai mai bindiga a rafi ba. Babu wanda ya musa. Ya ce za su shiga tsaron, amma ba don sun huce ba, don 'ya'yansu ma a garin suke kwana. Aka sake zanen. Mutum biyu-biyu a kan dutse da waya, ba bindiga, ɗaya daga kowane ɓangare. Sauran a tsakiyar gari. Aka fitar da hanyar da mata da yara za su bi, da wanda zai kira sojoji. Bulus da kansa ya ɗauke tsakuwar rafi, sai dai ya dage cewa za a riƙa raka manoma tsallake da rana a ƙungiya. Baba ya ce wannan bai zo masa a rai ba, kuma ya fi nasa.

Aka kawo mana faten acca mai zafi da yakuwa, na ci kamar ban taɓa cin abinci ba. Sannan na matsa kusa da Baba na yi abin da aka kawo ni in yi. Na roƙe shi da girman amincinsa da mahaifina. Ya saurare ni har na gama.

"Ɗana, jiya na ce wa mutane su bar gonakinsu su tsaya. Na miƙa ɗan maƙwabcina ga hukuma. In na shiga mota yau, wa zai ƙara yarda da abin da aka zana a ƙasan nan? Idon ya jira a cire citta."

Yaya ta yi faɗa, ta yi kuka, ta ce masa taurin kai ne kawai irin na tsofaffin soja. Ya ce haka ne. Daga ƙarshe ta shiga mota ta ɗauko jakarta, ta ce mu tafi, za ta kira wurin aiki ta nemi hutu. Ta ce ko ba komai akwai mai ciwo a Kafanchan da take son ta ga yadda ƙafarsa za ta ƙare.

Mu biyu muka dawo. Hanyar ba ta canja ba, tsoron ma haka, sai da muka hango fitilun Kaduna ana kiran magariba sannan ƙanena ya kunna rediyo. Na tafi da tunanin cewa tsaro yawan bindiga ne da yawan masu riƙe ta. Na dawo na gane kafin a kai ga bindiga akwai tambayoyi masu wuya: me za ka iya bari, wa zai tsaya a ina, kuma wa ka zana a cikin gari, wa ka bari a waje. Mutanen da suka tsara tsaron ƙasar nan tana jaririya sun zauna da waɗannan tambayoyin, yanzu ga su sun sauko har gindin mangwaron ƙauye.

Jiya Yaya ta kira ni. Malam Ɗanjuma ya tashi zaune, har ya nemi tuwo, likita ya ce ƙafar za ta tsira amma zai riƙa ɗingishi. Yaron yana hannun hukuma, uwarsa har yanzu ba ta gaida Baba. 'Yan bindigar ba su zo ba, ba kuma wanda ya ce sun tafi. Na ce ta ba ni Baba mu gaisa. Ta ce ba ya gida, ya sa an kai shi gindin dutse, wai yana so ya ji da kunnensa ko ƙarar ƙararrawar tana kaiwa can.